Ta yaya zan dawo da ainihin fentin tsohuwar Marsandin mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji Marsandi 230E ƙirar 1982 daga mahaifina. Sau biyu ana sake mata fenti, yanzu fara ce fat, amma na tashi na gan ta da launin ruwan madara. Ina so in mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Mai fentinmu ya ce in kawo tsohon hoto zai haɗa da ido. Shin hakan zai yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Hoto ba zai yi ba, ɗan'uwa. Takardar hoto tana sauya launi da tsufa, kuma hasken ranar da aka ɗauke shi ya riga ya canza abin da ido ke gani. Ka ajiye shi don tarihi, amma kada a haɗa fenti da shi.

Motarka tana cikin jerin da kamfanin ke kira W123, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986, kuma ka yi sa'a don Jamusawa sun rubuta launin a jikinta. Ka buɗe bonet, ka duba ƙarfen da ya gitta a saman lagireto. Akwai ɗan faranti da aka buga wa lambobi. Lambar fenti alƙaluma uku ce, sau da yawa da harafin G ko H a gefenta, alamar kamfanin da ya kawo fentin: G na Glasurit, H na Herberts. Misali, 040 baƙi ne, 904 shuɗi mai duhu, 735 ruwan azurfa, 737 fari. Yadda ka kwatanta taka, ina kyautata zaton 623 za ka gani, launin hauren giwa mai haske irin na motocin tasi a Jamus. Amma farantin ne zai yanke hukunci, ba zatona ba. In masu feshin baya sun rufe shi, ka goge a hankali da tsumma da ɗan tina, kada ka kankare da wuƙa. In kuma ya ɓace gaba ɗaya, sashen tsofaffin motoci na Mercedes-Benz yana da katin bayanin motocin da suka ƙera, ana nemansa da lambar cesis da shaidar mallaka, launin yana ciki.

Sai dai samun lambar rabin aiki ne. Fentin da za a haɗa maka yau ba da sinadaran 1982 za a haɗa shi ba. Wasu garin launin da ake amfani da su a da, musamman masu dalma a cikin rawaya da ja da ruwan lemo, manyan kamfanonin fenti sun daina su saboda illarsu ga lafiya, aka maye gurbinsu da wasu. Kowane kamfanin fenti kuma yana da nasa lissafin haɗi na lamba ɗaya. Kai, ko a masana'anta ma launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan shekara zuwa waccan, shi ya sa za ka tarar da lamba guda tana da haɗi biyu ko uku a littafin masu fenti. Saboda haka kana bukatar shaida daga jikin motar kanta.

Shaidar tana inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, inda kuma masu feshi ba sa wahalar da kansu su shiga. Ka ɗaga robar bakin ƙofa, ka cire kwalin cikin ƙofa, ka ɗaga kafet da kujerar baya, ka leƙa cikin but a gefen tayar safaya. A nan fentin kamfani yake ɓoye. Ka zaɓi wuri mai faɗin tafin hannu, ka wanke, ka goge da man goge fenti har ainihin launin ya fito, don ƙura da maiƙo na shekara arba'in suna sa shi duhu. Ka lura da abu ɗaya: cikin but da ƙarƙashin kafet ba a fesa musu fenti mai kauri kamar na waje, wani lokaci shimfiɗar ƙasa, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti, tana leƙowa. Bakin ƙofa ƙarƙashin roba ya fi aminci. Manyan shagunan fenti suna da na'urar karanta launi da ake ɗorawa a kan ƙarfe ta fitar da haɗi mafi kusa. In ka samu, ka yi amfani da ita, in ba ka samu ba gogaggen mai haɗi zai iya, matuƙar ya fara daga lambar.

Abin da ba na yarda a tsallake shi ne gwaji. Kafin digo ɗaya ya taɓa motar, a fesa haɗin a kan ɗan gwangwani ko kati, da irin shimfiɗar ƙasan da za a sa wa motar, da bindigar feshi ɗaya, da yawan shafi ɗaya. A bar shi ya bushe sosai, don ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Sannan a kara shi da wurin da ka goge, a waje, da hantsi, a sake dubawa a inuwa. Launuka biyu suna iya zama ɗaya a ƙarƙashin fitilar gareji, su rabu da zarar an fita rana. Fari da ruwan madara sun fi yaudara a wannan, ɗigon rawaya ko baƙi kaɗan ya isa ya karkatar da su. Mai fentin da ya ji haushin a ce ya yi gwaji, ni dai ba zan ba shi motar gado ba.

Akwai kuma maganar ƙyalli. Launukan da ba su da ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, irin naka, a wancan zamani shafi ɗaya ake yi musu mai ɗauke da sheƙinsa, ba a ɗora ruwan ƙyallin da masu fenti ke kira kiliya. In aka zuba mata kiliya mai kauri za ta yi sheƙi kamar sabuwar mota, amma wanda ya san Marsandin da zai gane ba haka take ba. Ka nemi fenti mai haɗin biyu, wato wanda ake gaurayawa da sinadarin busarwa, wanda ke sheƙi da kansa. Ka tabbata mai feshin ya sa abin rufe hanci na gaske, sinadarin da ke busar da irin wannan fenti yana lahanta huhu.

Tunda motar gaba ɗaya za a fesa, launin kamfani za ka bi kai tsaye. Wanda zai gyara ƙofa ɗaya a motar da ke da fentinta na asali, shi kuwa launin da rana ta koɗar zai bi, in ba haka ba ƙofar za ta fita daban.

Ka sa a haɗa duk fentin da aikin zai ci a lokaci ɗaya, a juye a mazubi guda, har da rarar lita ɗaya ta gyaran gaba. Ka karɓi lissafin haɗin a rubuce, ka ajiye tare da katin gwajin cikin takardun motar. In kuma da hali, ka kauce wa feshi lokacin hunturu sai in garejin yana da rufaffen ɗaki, don ƙurar hazo tana sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna.