Ina ya kamata baƙo ya fara zuwa a Jihar Neja?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Minna. Da gaske ne Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya? Kuma ina zan kai iyalina su buɗe ido?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 76,000. A 1976 aka cire ta daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, aka ƙara mata Borgu daga Kwara a 1991.

In kana so ka gane jihar nan, bi ruwanta. Kogin Kwara da Kogin Kaduna su ne jijiyarta, kuma a kansu aka gina madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru masu ba ƙasa wutar lantarki. Da aka kammala Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka kwashe mutanensa zuwa sabon gari.

Don yara, fara da Gurara, kan hanyar Suleja zuwa Minna. Da damina ruwan na zubowa daga kan duwatsu da ƙarfin da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, don haka kallo kawai za a yi daga nesa. Da rani yakan lafa. Dutsen Zuma na Madalla kuwa ka riga ka san shi a jikin Naira 100.

Amma in shawarata za ka bi, Malam, kada ka bar jihar ba ka kwana a Bida ba. Can ne fadar Etsu Nupe, can ne kuma maƙeran tagulla da masu narka gilashi na unguwar Masaga. Tsaya bakin murhunsu ka gani: fasassun kwalabe ne ake narkarwa, mutum ya naɗo narkakken a tsinin ƙarfe yana juyawa cikin wuta, kafin ka farga ya zama dutsen wuya ko awarwaro. Sana'a ce ta gado, kuma abin da zai raya ta shi ne a je a saya. Ka saya, kada ka tsaya ɗaukar hoto kawai.

A karkarar Minna za ka ga matan Gwari suna ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Suleja ita ce Abuja ta asali, wadda Haɓen Zazzau suka kafa, ta ba babban birnin ƙasa sunanta. Zungeru kuma nan Turawa suka yi hedkwatar Arewa kafin su koma Kaduna, nan aka haifi Nnamdi Azikiwe, shugaban ƙasar Najeriya na farko, a 1904.

Gandun dajin Kainji da yankunan Shiroro da Rafi sun sha fama da 'yan bindiga. Kada ka kama hanyar can da iyali sai ka tambayi mutanen gari, kuma ka yi tafiyarka da rana. Allah ya sa ka shiga Minna a sa'a.