Tambaya da Amsa: Bel ɗin mota yana shaƙe min wuya, ya zan yi?

Tambayoyi a kan bel ɗin mota sun taru mana da yawa, to yau dai su za mu ɗauka. Wasu na gajarta su saboda fili, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni gajeriya ce, duk sanda na sa bel sai ya dinga gurzar min wuya har wurin ya yi ja, shi ya sa nake zura shi ta ƙarƙashin hammata, wani lokacin ma na maida shi bayana na bar na ƙugun kawai. Ai dai na sa ko? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya an gudu ne ba a tsira ba, kin sa bel amma kin cire shi daga inda zai yi aiki. Shi bel ɗin nan mai maƙale uku da muke gani a kowace mota, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya tsara shi, kamfanin Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1959, kuma duk dabarar da ke ciki ita ce ƙarfin karo ya sauka a kan ƙashi mai ƙwari. Na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, can ƙasa yana taɓa saman cinya, na sama kuma ya bi ta tsakiyar kafaɗa ya ratsa tsakiyar ƙirji. Kin ga idan kika zura shi ta hammata ya koma kan haƙarƙari, su kuma haƙarƙari ba sa ɗaukar irin wannan nauyin, karyewa suke yi, ga hanta ga saifa ga huhu duk a bayansu suke. Idan kuma a baya kika ajiye shi to babu abin da ya riƙe rabin jikinki na sama, mota na cin karo za ki ninke ne kamar wuƙar aljihu, kai ya tafi sitiyari ko dashbod, na ƙugun kuma ya nutse a ciki.

Yanzu ga gyaran. Ki duba ginshiƙin nan da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, daidai inda bel ya fito ta sama, a motoci da yawa akwai ɗan maɓalli da ake dannawa ko a ja, sai wurin ya yi sama ko ƙasa. Abin mamaki mutum sai ya shekara biyar da mota bai taɓa sanin abin nan yana motsi ba. Ki saukar da shi har bel ya bar wuya ya dawo tsakiyar kafaɗa, amma kar ya sauka har ya dinga zamewa daga kafaɗar zuwa dantse, kuma ki girgiza shi ki tabbatar ya ƙulle. Idan kujerar tana ɗagawa ki ɗan ɗaga ta, ki miƙar da jinginar bayan ita ma, don yawanci kwantar da kujera da yawa shi ke kai bel wuya. Bayan kin danna makullin kin ji ƙarar shigarsa, ki kama na kafaɗar ki ja shi sama don na ƙugun ya ɗame, ki shafa ki ga bai murɗe ba, saboda bel murɗaɗɗe ya zama igiya, ƙarfin duka a siririn wuri ɗaya zai taru. Idan soso mai laushi kike so ki naɗa a wurin kafaɗar ba laifi, muddin bai hana bel komawa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne 'yan maƙalan nan da ake matse bel da su don ya yi sako-sako, wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

TAMBAYA: Malam ina da ciki wata shida, surukata ta ce na daina sa bel wai zai danne yaron. Ni kuma tsoro nake ji ta kowane ɓangare.

AMSA: Allah ya raba lafiya. Mama tana da hujjar jin tsoro, don bel ɗin da aka ɗora a kan tsakiyar ciki zai iya yin illa da gaske, amma maganin ba cirewa ba ne. Likitocin mata shawararsu ɗaya ce a kan wannan, mai ciki ta sa bel tun daga watan farko har ranar da za a kai ta haihuwa, saboda babbar kariyar ɗan da ke ciki ita ce uwar ta tsira. Na ƙasan ki tura shi ƙarƙashin cikin gaba ɗaya, ya kwanta a kan ƙugu da saman cinya, na saman ya bi ta tsakanin ƙirji ya zagaya ta gefen cikin, kar ko ɗaya ya hau kan tudun. Idan ke ke tuƙi ki matsar da kujera baya gwargwadon yadda ƙafarki za ta iya taka birki sosai, a samu tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirjinki da sitiyari, idan sitiyarin yana lanƙwasawa ki saita shi ya kalli ƙirji, kar ya kalli ciki. Sannan ko ƙaramin karo aka yi, ko kin ji garau, ki je asibiti a duba, don mabiyiya tana iya rabuwa da mahaifa ba tare da kin ji wani ciwo nan take ba. Ki zaunar da Mama a motar ki nuna mata inda bel ɗin ya bi, ina ga hankalinta zai fi kwanciya da ta gani da ido.

TAMBAYA: Motata akwai jakar iska gaba da gefe, kuma ni ba tafiya mai nisa nake yi ba, daga gida sai wurin aiki, ba na wuce gudun 50. Na sayi ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a makullin bel don ƙarar gargaɗin ta daina damuna. Akwai matsala?

AMSA: Akwai kam ɗan'uwa, kuma babba. Bari mu fara da 50 ɗin da ka raina. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki abin da ba ya motsi, jikinka zai ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma lissafinsa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Ba wanda zai ce zai dire daga nan ya tare da hannu, amma kullum sai ka ji ana cewa ai zan dafe sitiyari. Ita kuma jakar iska, wato wadda ke fitowa ta kumbura ta tare mutum lokacin karo, an ƙera ta ne da zaton mutum yana ɗaure a kujerarsa. Fitowa take yi cikin ƙasa da ƙiftawar ido da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa, an tsara ta gama cika kafin ka iso, to wanda bai sa bel ba tun a birkin farko ya riga ya zame gaba, sai ya haɗu da ita tana tsakiyar fashewa, fuska da wuya su sha. Ga shi kuma sau ɗaya take aiki ta sace, idan motar ta sake dukan wani abu ko ta wuntsila, bel ne kaɗai ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai kashi 50 cikin 100. Wannan ɗan ƙarfen ka jefar da shi, ƙarar tana yin shiru da kanta idan ka sa na gaskiyar.

Kuma tunda an zo nan, na baya ma su sa. Mutumin da ke bayanka ba bel, ranar karo kujerarka zai doka da duk nauyinsa, kai da ka ɗaure sai ka zama an matse ka tsakanin bel da shi.

TAMBAYA: Yarana biyu, ɗaya wata takwas ɗaya shekara bakwai. Jaririyar a cinya nake riƙe ta, wani lokaci na zagaya bel ɗin da mu biyu. Babban kuma yana sa na manya.

AMSA: Maman yara wannan ta zagaya bel da ku biyun ita ta fi tayar min da hankali, don idan aka yi karo nauyinki ne zai matse ta a jikin bel ɗin. Riƙewa a hannu ma ba ta fisshe ki, a karon gudun 50 abu yana iya yin nauyin da ya ninka nasa sau 20, yarinya mai kilo 8 ta koma kilo 160 cikin daƙiƙa ɗaya, ba hannun da zai riƙe wannan komai son da ake mata. Wurinta kujerar jarirai ce, a baya, tana kallon bayan mota, saboda kanta yana da nauyi wuyanta kuma bai yi ƙwari ba, kuma irin wannan kujerar ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska take a kunne.

Shi kuma yayan nata, ba shekaru ake dubawa ba, tsayi ne. Bel na manya yana fara zama daidai ne idan yaro ya kai wajen santimita 145, wasu ƙasashen dokarsu ta tsaya a 135 wasu 150. Ki gwada shi haka: ya zauna bayansa ya manne da jingina, gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera ba tare da ya zamo gaba ba, na ƙasan yana kan cinya, na saman yana kan kafaɗa. Idan ɗaya ya kuskure to yana buƙatar kujerar ƙarin tsayi da ake ɗorawa a kan ta mota. Yawancin 'yan shekara bakwai ba sa cin wannan gwajin, shi ya sa za ki ga suna tura bel baya da kansu.

TAMBAYA: Idan mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa fa, ba bel ne zai riƙe mutum ya hallaka ba?

AMSA: Wanda ya buga kai ya suma ba ya buɗe ƙofa. Bel ne zai bar ka cikin hayyacinka, cire shi kuma danna maɓalli ɗaya ne. Masu cewa gara mota ta watso mutum waje, ta gilashi fa za ta watso shi, kan kwalta, wani lokacin ma motar ta biyo shi.

TAMBAYA: Na sayi mota ta hannu, bel ɗin direba ba ya komawa da kansa sai na tura, kuma gefensa ya fara zarewa. A gyara ko a canza?

AMSA: Rashin komawar sau da yawa datti ne da maiƙon jiki suka sa shi ya yi tauri. Ka zaro shi gaba ɗaya ka maƙale, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, banda bilic banda fetur don suna cinye zaren, ka bar shi ya bushe sarai kafin ya koma ciki. Amma zarewar gefen nan ba ta da gyara, kar ka bari a ɗinke maka ko a ƙona bakin da wuta, canzawa za a yi. Ka kuma bincika ko motar ta taɓa yin haɗari, saboda motocin zamani akwai wata na'ura a jikin bel da ke fizge shi ya ɗame a daidai lokacin karo, ita ma kamar jakar iska sau ɗaya take tashi, kuma bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a karo mai ƙarfi ya riga ya miƙe ko da ido bai gani ba. Idan fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa a dashbod bayan ka tayar da mota, ko kuma ba ta kamawa sam lokacin da ka murɗa makulli, ka kai wa makaniken da ke da kwamfutar dubawa. Sauran bel ɗin motar kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har na tsakiyar baya da yake yawan ɓuya a ƙarƙashin kujera, ka fizgi kowanne da ƙarfi sau ɗaya, mai lafiya zai ƙulle nan take.