Motar da ke warin kare ba turare take buƙata ba

Wani mai sayar da motoci na hannu ya aiko da tambaya: "Wata biyu ke nan ƙanena ya sayo min mota daga wurin wani mai kiwon kare da mage. Inji lafiya, jiki lafiya, amma kujerun wari suke. Na kai ta wanki sau biyu, na fesa turare kala-kala. Mutum uku sun shiga sun fito, ko tayawa ba su yi ba. Ina so in ci bashi in ƙaro motoci uku don in rufe asarar. Me ka gani?"

Malam, ajiye maganar bashin nan tukuna. Wanda mota ɗaya ta kwantar wa da jari wata biyu, idan ya ƙaro uku da kuɗin mutane, damuwa ya ƙara wa kansa. Matsalarka turaren nan ce. Kana rufe aibi maimakon ka cire shi, kuma mai saye ba yaro ba ne. Duk wanda ya buɗe ƙofa ƙamshi ya buge shi haka, abin da zai fara zuwa masa shi ne: me ake ɓoyewa? Daga nan zai fara zargin injin ma, har da giya. Akwai dillalan da suka yi dace suka sayar da irin wannan mota da sanyin safiya, bayan kwana biyu rana ta dake ta, warin ya taso, mai ita ya dawo da ita. Cinikin ya warware, kuma mutumin ba ya sake aiko musu da kowa.

Wanki na sama bai taɓa inda warin yake ba. Warin kare daga maiƙon jikinsa ne da yawu da gashi, wannan mai sauƙi ne. Fitsari ne babban aiki, musamman na mage. Yana ratsa yadin kujera ya shige cikin soso, ya bushe ya bar wani gishiri da ruwa da sabulu ba sa narkarwa sosai. Da zarar zafi da danshi sun haɗu sai ya sake tashi. Shi ya sa kowane wanki da ka biya ya ƙara jiƙa soson, ya farkar da warin.

Fara da gano wurin. Ka samu tocila mai hasken UV, irin hasken da ake duba jabun kuɗi da shi, ka haska kujeru da kafet da but cikin duhu. Tabon fitsari yakan fito da ɗan haske. Ka zagaye shi da alli. Sai a cire gashin: safar hannu ta roba mai ɗan laima tana tattara shi, injin zuƙar ƙura ya kwashe, har cikin ɗinki da ƙarƙashin kujera.

Maganin fitsari shi ne ruwan wanki mai enzayim, wato sinadarin da ke narkar da gishirin fitsarin, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na fitsarin dabbobi ne. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗan yayyafa a sama don tsimi. Dole maganin ya kai zurfin da fitsarin ya kai, ya kuma wuce gefen tabon da kamar faɗin tafin hannu, domin a cikin soso ya fi bazuwa. Ka bar shi aƙalla minti 15, tsohon tabo kuwa ka rufe da leda na wasu awanni don kada ya bushe da wuri, tunda ba ya aiki sai da danshi. Sannan a zuƙe da injin da ke tsotse ruwa, a bar ƙofofi a buɗe da fanka har kujerar ta bushe ƙarau, kwana ɗaya zuwa biyu. Idan aka rufe motar da sauran danshi a kujerar, ka sayi warin rima a kan na fitsari. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku. Bayan ta bushe ne za ka barbaɗa garin bekin soda ya kwana, a zuƙe da safe.

Kada a sa tururi ko ruwan zafi kafin enzayim, zafi yana kafe tabon. Kada a sa bilic: yana cin launin yadi, kuma haɗuwarsa da amoniyar fitsari tana fitar da iska mai cutarwa. Kujerar fata ba a jiƙa ta, sai a gwada maganin a ɓoyayyen lungu tukuna. Kujerar da ke da hita ko na'urar gane nauyin fasinja ita ma ba a malala mata ruwa.

Idan an yi zagaye uku warin bai tafi ba, daina zuba kuɗi a magani. A kwance kujerar, galibi noti huɗu ne, a cire yadin a sauya soson, ko a nemo kujera ta hannu mai tsabta. Amma bakanike ya fara cire kan batir ya jira 'yan mintuna kafin ya taɓa wayoyin ƙasan kujera, saboda jakar iskar da ke buɗewa lokacin hatsari. Tunda kujera ta fita, a ɗaga kafet a duba shimfiɗar ƙasansa. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe a wanke, a sauya filtar iskar AC, wadda yawanci take bayan akwatin gaban fasinja. Injin ozon, mai fitar da iskar da ke kashe wari, na ƙarshe ne, minti 30 zuwa 60, babu mutum ko dabba a ciki, sannan a buɗe ta sha iska sosai. Ba ya maye gurbin wanki, kuma yawansa yana lalata roba.

Gwajin da zan yarda da shi ɗaya ne: cire duk turaren, rufe gilasai, bar ta a rana awa uku, ka kira wanda bai taɓa shigarta ba ya buɗe. Hancinka ya riga ya saba, ba shaida ba ne.

Yanzu ɗauki biro. Rubuta kuɗin saye, wanki biyu, turare, da abin da wannan gyara zai ci. A ganina, idan gyaran zai haura kashi 5 cikin 100 na farashin motar, gara ka faɗa wa mai saye gaskiya ka rage masa, jarinka ya juya. Ƙanen naka kuma, nan gaba kada ya biya kuɗin mota sai ya same ta a rufe cikin rana ya shiga ya zauna, ya kunna AC, ya danna soson kujera da hannu ya shinshina. Abin da ya ji, a cire kuɗin gyaransa daga farashi tun a wurin ciniki.