Amsa kan tumatirin da aka dasa wa ƙwayar halittar barkono

Malam, ka tambaya ko sauya ƙwayoyin halitta zai iya kare tumatir daga cuta. Zai iya, amma kowace cuta da irin makaminta. A 1999 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana cewa sun ciro ƙwayar halittar Bs2 daga barkono sun dasa wa tumatir, sai ganyensa ya riƙa gane bakteriyar da ke haddasa baƙaƙen ɗigo, yana busar da ɗan gurbin da ta taɓa tun kafin ta yaɗu. An gwada shi a gonakin Florida, kuma ya jure cutar ƙwarai.

Sai dai, don Allah, kada ka sa ran zai tare tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano a 2016, domin ita ƙwaro ce, Bs2 kuwa bakteriya kawai take ganewa.