Daga ina ake fara lissafin ginin gida?

Tambayoyin da suka zo mana daga Katsina da Daura a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum ya yi niyyar barin haya ko gidan gado, yana son sanin inda zai fara sa ƙafa. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Ni malamin sakandare ne, ina haya a Ƙofar Ƙaura da mata da 'ya'ya biyar, mahaifiyata kuma za ta dawo wurina. Allah Ya hore mani fuloti hamsin da ɗari a wajen Batagarawa, na kuma kwashi adashe. Wani birkila ya ce in sayo bulo dubu biyu mu ja layi. Naira nawa za ta gina mani ɗaki uku da falo?

Amsa: Allah Ya sa alheri, Malam. Adadin naira ba za mu yanke maka ba, don a farkon 2024 buhun siminti ya kusan ninka kuɗinsa cikin 'yan makonni, wanda ya rubuta kasafinsa a Disamba sai da ya sake shi a Fabrairu. Abin da ba ya canzawa shi ne yawan kayan da ginin zai ci. Da su ake rubuta kasafi: bulo kaza, buhu kaza, tifa kaza, sannan a sa farashin ranar a gefe da fensir.

Amma ka dakatar da birkilan nan tukuna. Ka fara zama da uwargida da Hajiya a ji bukatar kowa. Yara biyar za su girma, dole a raba maza da mata. Ɗakin tsohuwa ya kamata ya zama kusa da bayi, ba tare da matakala ba. Baƙi maza za su shigo falo ta waje ko sai sun ratsa tsakar gida? Ina za a yi girkin itace ko gawayi, ina za a shanya wanki, ina za a ɗaure ragon layya? Mai ɗakinka ta fi ka sanin amsar mafi yawansu, ita ke wuni a gidan. Da wannan za ka je wurin mai zanen gini ya fitar maka da taswira mai awo, wadda ta nuna gidan gaba ɗaya har da ɗakunan da ba yanzu za a gina ba. Kuɗin zane bai kai na rushe bango ɗaya a sake shi ba, kuma da taswirar ne za ka nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta jiha, kada wata rana ka tarar da jan fenti a bangonka.

Ka roƙi mai zanen ya lura da abubuwa uku. Ruwan sama mai iska a nan ƙasar daga gabas yake bugowa, rana mai zafi kuma daga yamma, saboda haka manyan tagogi su fi yawa a kudu da arewa. Ramin masai ya yi nesa da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 15, in an samu 30 ya fi, har da rijiyar maƙwabci. Sannan daɓen gida ya ɗara titi tsawo, domin duk ranar da aka yi wa unguwar kwalta da kwata titi zai tashi, gidan da ya yi ƙasa ya zama matattarar ruwa.

Ga misalin lissafi, ka gwada da taswirarka. A ce gidan mita 12 ne a tsawo, 10 a faɗi. In aka haɗa bangon waje da na ciki za a samu kamar mita 85. Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya. Bango mai tsayin mita 3, in an cire ƙofofi da tagogi, zai ci bulo wajen 2,200. Layi huɗu na fandisho kuma wajen 750. Ka ga an doshi 3,000, ka ƙara biyar cikin ɗari na wanda zai fashe wajen sauke kaya da yanka. Dubu biyun birkila ko linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ba za su kai ka ba.

Sai katanga, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita. Kewayen fuloti hamsin da ɗari ƙafa 300 ne, wato kamar mita 91, kowane layi bulo 200. Layi 12 har da na cikin ƙasa bulo 2,400 ke nan, kusan abin da gidan kansa zai ci. Gidan iyali kuwa ba ya shiguwa babu katanga. In maƙwabta sun riga ka gini, ka zauna da su a daidaita kan bangon da ke tsakaninku.

Siminti: buhu ɗaya yana ɗora bulo mai inci tara wajen 50, wato buhu 60 na ɗorin gidan, ban da katanga. Kankaren da ake zubawa a ramin fandisho, a haɗin buhu ɗaya da kwanon sarki shida na yashi da goma sha biyu na tsakuwa, zai ci wajen buhu 55. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10, a haɗin buhu ɗaya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, wajen buhu 75. An tasar wa buhu 190 ke nan ba a taɓa ginshiƙai da linta da filasta ba. Rodi mai milimita 12 tsawonsa mita 12 ne, tan ɗaya yana da sanda 93 ko 94, ka ƙirga da kanka ranar da aka kawo. Kada ka manta da ruwa. Inda babu famfo, kuɗin tanka da 'yan ga-ruwa na iya zama abin da zai ba ka mamaki, musamman a bazara.

Babbar shawararmu ita ce ka raba aikin zango-zango, kowane zango ya ƙare a inda damina ba za ta ɓata shi ba. Zango na farko fandisho har daɓe. Na biyu bango da linta da rufi a tare, don bangon da ya sha ruwan Agusta biyu ko uku ba rufi yana rubewa, ciyawa ta fito, gara ta samu hanya. In kuɗinka ba zai rufe ɗaki uku da falo ba, ka zuba fandishon duka, ka ɗaga ɗaki biyu da bayi da ɗakin girki, ka rufe, ka tare. Kuɗin hayar da ka huta biya shi zai ɗaga sauran. Ka sani kuma ranar da aka buga kwano kusan rabin kuɗi ne aka kashe: ƙofofi, tagogi, waya, famfo, silin, filasta, tayil da fenti suna nan suna jira. A kan jimillar ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba.

Tambaya: Dillali ya nuna mani fili mai sauƙin kuɗi a bayan garin Daura, ya ce na gado ne, babban wansu ke sayarwa, kuma in ban biya cikin mako ba wani zai ɗauka. In biya?

Amsa: Kada gaggawar dillali ta zama taka, la'adarsa yake nema. Filin gado ba ya sayuwa da bakin mutum ɗaya. Ka nemi a nuna maka shaidar rabon gado, ko duk magada, har mata da waɗanda ke zaune a wani gari, su sa hannu a gaban mai unguwa da dagaci. Ka zaga ka gaisa da masu iyaka ta kusurwa huɗu, su suka san wanda ke noma wurin da wanda ya taɓa yin rigima a kansa.

Takardar mai unguwa shaidar ciniki ce, tana da amfani, amma ba ita ce ƙarshe ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka ka je ma'aikatar filaye a bincika maka ko wurin yana cikin shatar gwamnati, ko an ware shi don hanya, makaranta ko maƙabarta. A Daura wannan ya ƙara muhimmanci saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta yankin. In filin na da takardar mallaka ta gwamnati, mayar da ita sunanka na bukatar amincewar gwamna, akwai kuɗin da ake biya, ka sa shi cikin kasafi tare da na safiyo da la'ada.

In da hali ka ga filin a cikin damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ambaliyar Jibiya ta 2018 ta isa ta koya wa kowa illar gini a hanyar ruwa. Ka tambayi dattawan wurin ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Irin wannan ƙasa tana zama a hankali, bango ya tsage, kuma fandishon da zai riƙe gini a kanta zai cinye sauƙin da ka samu.

Tambaya: Ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Katsina. Sai shekara mai zuwa zan fara gini. In riƙa sayen siminti ina tarawa kafin ya ƙara tsada?

Amsa: A'a, Hajiya. Siminti yana shan danshin iska, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa ko da bai dunƙule ba. Ki mayar da kuɗin abin da ba ya lalacewa: tsakuwa, kwano, da yashi a lokacin rani, kafin ruwa ya hana tifa shiga gulbi farashi ya tashi. Rodi ma yana ajiyuwa in an ɗaga shi daga ƙasa an rufe.

Mafi kyau ki sa a buga maki bulo a filinki. Buhu ɗaya kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci tara. Wasu masu bulon kasuwa suna fitar da 50 ko fiye, shi ya sa nasu ke da sauƙi, araha kuwa ba ta ado. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a bar shi ya ƙara mako biyu kafin a ɗora. In za ki saya ne, ki sa a kankari gefensa da ƙusa. Wanda ke zubar da yashi kamar gari ki bar masu abinsu. Sai dai kada ki tara kaya a filin da babu katanga ko mai gadi.

Tambaya: Ina aiki a Legas, ginin yana Katsina. In ba da jinga ko in riƙa aiko wa ƙanena kuɗi?

Amsa: Ka raba hannu uku: mai sayen kaya daban, mai aiki daban, mai dubawa daban. Ƙanenka ya sayi kaya da rasit, birkila ya karɓi jingar aikin hannu kawai, zango ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuce da shaidu, a faɗi abin da zai yi da ranar gamawa. Ka ba shi kashi ɗaya cikin uku a farko, ragowar sai aiki ya kai inda aka yi alkawari. Ka ɗauki injiniya ka biya shi ya zo sau uku aƙalla: ranar da aka gama haƙan fandisho kafin a zuba kankare, ranar da aka ɗaure rodin ginshiƙai da linta, da ranar da kafinta ya gama jera katakon rufi kafin a buga kwano. A waɗannan wurare ne ake rage kaya, kuma da zarar an rufe ba mai sake gani. Ranar zuba kankare ka ce a ajiye maka buhunan da aka juye, a ƙirga su a gaban injiniyan, a turo maka hoto ta WhatsApp tare da rasit ɗin ranar.