Tambaya da Amsa: Tashar Jirgin Ƙasa ta Agege

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dattawanmu kan ce jirgin ƙasa ne ya kawo Hausawa Agege. Da gaske ne? Kuma yaushe aka gina wannan sabuwar tashar? Daga wani mai karatu a Zangon Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar dattawa tana da tushe. An fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, aka buɗe shi zuwa Ibadan a 1901, kuma ta Agege ya ratsa. Zuwa 1912 layin ya haɗe Legas da Kano. A lokacin ƙasar Agege gonaki ce, ana noman koko da goro, shi kuwa goro kasuwarsa tana Arewa. Huhun goron da fatake kan yi wata da watanni da shi a hanya sai ga shi yana isa Kano cikin 'yan kwanaki, bai bushe ba. Inda ake lodin goro kuwa dole a sami dillali, da mai masauki, da mai abinci, da masallaci. Haka Zango ya yi ƙarfi, 'yan shanu ma suka biyo baya.

Wancan tsohon layin shi ne ƙaramin dogo, faɗinsa milimita 1,067. Sabon layin, na Legas zuwa Ibadan, faɗinsa 1,435, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina sabon, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 10 ga Yuni, 2021, aka raɗa wa tashar Agege sunan tsohon gwamnan Legas Babatunde Raji Fashola.

TAMBAYA: Ina da katin Cowry da nake hawa motar BRT. Zai kai ni Ibadan? Daga wata 'yar kasuwa a Oko-Oba.

AMSA: Hajiya, ba zai kai ki ba, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Jirage iri biyu ne ke tsayawa a Agege, hukumominsu daban, tikitinsu daban, duk da cewa layi ɗaya suke bi.

Na cikin gari shi ne Red Line na gwamnatin Jihar Legas, hukumar LAMATA ke kula da shi. An ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya fara ɗaukar fasinja masu biya a watan Oktoba na shekarar. Tsawonsa kilomita 27, daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Shi ne mai karɓar Cowry. Ki zuba kuɗi a katin tun kafin lokacin jirgi, domin idan kuɗin bai kai ba ƙofa ba za ta buɗe ba, kina layin zuba kuɗi jirgi ya tafi.

Na Ibadan kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, NRC. Ana yankar tikitinsa ta intanet, kowa da lambar kujerarsa. Ki tanadi lambar NIN, ki sa suna yadda yake a katin shaidarki, ki kuma riƙe katin ranar tafiya. Wurin zaɓen tashar tashi ki tabbatar Agege kika danna, ba Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta ba. Tafiyar wajen awa biyu da rabi ce ko ƙasa da haka, ta Abeokuta. Sai dai ki sani tashar ƙarshe a Moniya take, can gefen arewacin Ibadan. Mai zuwa Sasa ya yi kusa, mai zuwa Sabo sai ya ware kuɗin mota. Sabon layin bai wuce Ibadan zuwa Arewa ba tukuna, kada wani ya sayar miki da tikitin Kano a kansa.

TAMBAYA: Me ya sa direban jirgi ba ya taka birki idan ya hango mutum a kan layi? Daga wani ɗan acaɓa.

AMSA: Yana takawa, ɗan'uwa, jirgin ne ba ya tsayawa nan take. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama layi yadda tayar roba ke kama kwalta, ga nauyin taragai na turo shi daga baya. Sai ya ci mitoci ɗaruruwa yana ja kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Ranar 9 ga Maris, 2023, jirgi ya buge motar ma'aikata a mararrabar PWD da ke Ikeja, mutum shida suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Haɗari mafi muni shi ne inda layi ya fi ɗaya. Jirgi ya wuce, ƙararsa ta rufe ta na biyu mai zuwa daga ɗaya ɓangaren, mutum ya zura babur. Idan mai tuta ya tsayar, a jira sai ya sauke. A cire abin sauraro daga kunne, masu kasa kaya su ja da baya sosai, domin jikin tarago ya fi layin faɗi. Mai abin hawa da ke gefen Pen Cinema ya bi ta kan gadar sama da aka buɗe a 2021.