Kwamfutar da ta kulle Task Manager da Regedit

Jiya da yamma ka tare ni da tambaya a kan kwamfutar nan da aka kawo daga shagon buga takardu. Ka ce Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, ya ƙi buɗewa, Regedit, mai gyara rijistirin Windows inda saitunanta ke zaune, ma haka, duk wanda ka taɓa sai ta ce mai kula da ita ya kulle shi, kuma wai ko ka soka filashin shago ka ɗora mata antibairos. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na zauna rubuta maka amsa, don ta tuna mini asarar da har yau ban huce ba. Kada ka soka komai namu a jikinta, yaro. Ajiye filashin nan.

Kulle Task Manager alama ce kawai. Bairos ɗin yana rubuta lamba 1 a wani layi na rijistirin Windows mai suna DisableTaskMgr, ya yi haka ga DisableRegistryTools da DisableCMD, wani lokaci har da NoFolderOptions don kada ka ga ɓoyayyun fayiloli. Ku yaran yanzu da kun ga haka sai ku ruga YouTube, ku kwafo umarni guda, ku mayar da 1 ta koma 0, Task Manager ya buɗe, ku ce aiki ya ƙare. Ka rufe ka sake buɗewa bayan minti ɗaya, za ka tarar ya sake kullewa, domin mai kullewar yana raye a cikin memori yana sake rubuta lambar. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Fara da gane irin wanda kake fama da shi. Cire kebul ɗin intanet, kashe Wi-Fi, ka gwada shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwanta kaɗai. Idan ta shiga lafiya, mai yiwuwa ƙaramar tsutsa ce irin ta filash, wadda ke ɓoye folda ta bar gajeriyar hanya a madadinta. Idan kuwa ta yi shuɗin allo ta sake tashi, musamman tsohuwar Windows 7 ko XP, ka fara zargin bairos ɗin da ake kira Sality. Shi wannan tun 2003 aka san shi. Yana goge sashen SafeBoot a rijistiri, yana kashe antibairos, sannan mafi muni, yana shiga cikin kowane fayil mai ƙarewa da .exe ko .scr ya manne masa. Babu fayil guda da za ka goge ka huta, duk manhajojin kwamfutar sun zama gidansa.

Shi ne ya ci mana babban faifan shago. Wani mai kafen intanet ya kawo kwamfutoci shida masu wannan alama. Yaron da ke wurina a lokacin ya ɗauko faifan da muka tara direbobi (manhajojin da ke sa na'urori kamar firinta aiki) da sauran manhajoji na shekaru a ciki, ya soka a ta farko don ya kwashe kayan mai ita kafin fomat. Ya kwashe ɓangaren D na faifan kwamfutar gaba ɗaya, har da foldar da mutumin ke ajiye manhajojin sata da ya sauko da su. Cikin awa guda da faifan ya yi a jikinta, Sality ya bi fayilolin .exe namu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi fomat, ya ɗora sabuwar Windows tas, sannan ya buɗe direban sauti daga faifan nan, cutar ta dawo nan take. Bai lura ba, ya bi sauran biyar ɗin haka, kuma a makon nan aka yi wa wasu kwastomomi uku aiki da faifan. Duka suka dawo mana. Mai kafen ya tsaya a bakin shago yana ɗaga murya wai mu muka zuba masa cuta, alhali da ita ya zo, kuma filashin da ke rataye a wuyansa cike yake da ita. Ya kwashe kwamfutocinsa bayan mun sake gyara su kyauta, bai biya ko sisi ba, har kuɗin memori biyu da na saka masa da aljihuna. Faifan kuwa dole na shafe shi baki ɗaya, ciki har da direbobin tsofaffin firintoci da har yau ban sake samun wasu ba. Duk wannan saboda girman kai ya hana yaro yin tambaya.

Saboda haka aikin daga waje ake yin sa, lokacin da Windows ɗinta ke barci. A kwamfuta mai tsabta ka haɗa filash mai tayar da kwamfuta da Kaspersky Rescue Disk, antibairos mai tashi da kansa ba tare da Windows ba, ka ajiye Hiren's BootCD PE, tarin kayan gyara mai tashi daga filash, kusa. Yadda ake tashi daga filash ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sukundireba a shagona ba. Kafin bincike, kwashe takardu, hotuna da bidiyo kawai zuwa faifai na daban wanda babu komai a cikinsa. Kada ka ɗauki .exe, .scr, .bat, .vbs, .lnk ko autorun.inf, ko da mai ita ya rantse cewa manhajar nan ba a samunta ko'ina. Sannan, daga cikin Rescue Disk ɗin, ka mayar da intanet ka sabunta bayanan antibairos ɗin ka bar shi ya bi faifan gaba ɗaya. Yana iya cin awa uku ko huɗu a tsohon faifai, ka bar shi ya gama. Inda ya ba ka zaɓi tsakanin warkarwa da gogewa, zaɓi warkarwa tukuna, domin idan ka goge fayilolin Windows da suka kamu, kwamfutar ba za ta sake tashi ba.

Sai bayan ya mutu ne za ka buɗe ƙofofin da ya kulle. Idan Windows ɗin Pro ce, buɗe gpedit.msc, wurin saita dokokin Windows, ka bi User Configuration, Administrative Templates, System, ka mayar da dokar hana Regedit, da ta cire Task Manager wadda ke cikin Ctrl+Alt+Del Options, zuwa Disabled, sannan Not Configured. Home ba ta da gpedit, don haka daga Hiren's ka ɗora fayil ɗin NTUSER.DAT, wato rijistirin mai kwamfutar, a Regedit, ka shiga Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System ka goge DisableTaskMgr da DisableRegistryTools. DisableCMD yana wani wurin, a Software\Policies\Microsoft\Windows\System.

Akwai wuri a rijistirin da kusan kowa ke mantawa: Image File Execution Options, ƙarƙashin Windows NT\CurrentVersion. Idan ka ga taskmgr.exe ko regedit.exe a can da layin Debugger yana nuna wani baƙon fayil, goge shi, in ba haka ba duk danna Task Manager da ka yi wancan fayil ɗin ne zai tashi, ko kuma ba abin da zai buɗe. A sashen Winlogon na rijistirin kuma, Shell ya zama explorer.exe kaɗai, Userinit ya zama C:\Windows\system32\userinit.exe da waƙafi a ƙarshensa. Buɗe manhajar Autoruns ka duba abin da ke tashi da Windows da ayyukan da aka tsara wa lokaci, duk wanda ke zaune a AppData ko Temp da suna marar ma'ana, cire shi. Leƙa fayil ɗin hosts, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, ko an toshe shafukan antibairos. Goge tsofaffin wuraren System Restore, kwafin da Windows ke ajiyewa don komawa baya, don cutar na kwance a cikinsu. Daga nan ka ba da umarnin sfc /scannow don ya gyara fayilolin Windows da suka lalace.

Ra'ayina dai, idan binciken ya nuna ɗaruruwan fayiloli da Sality ko Virut, wani bairos irinsa, kada ka yi asarar yini kana warkarwa. Fomat, har da ɓangaren D bayan ka kwashe takardu, ka sauko da direbobi sababbi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Windows 7 kuwa Microsoft ta daina yi mata gyara tun Janairun 2020, ka gaya wa mai ita gaskiya.

Kafin ka miƙa masa, ka karɓi duk filashin da yake aiki da su a shagon ka bincika su, ka dawo da ɓoyayyun folda da umarnin attrib -h -r -s /s /d, kuma ka buɗe Task Manager a gabansa ya gani da idonsa kafin ya biya. Kayan aikinmu kuma daga yau a fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai a fayil guda, ko faifan DVD za su zauna, inda irin wannan bairos ba ya iya rubutu. Gobe da safe ka kawo mini sakamakon binciken kafin ka taɓa rijistirin.